Ragowar naman talotalo bayan biki: likita ya amsa tambayoyinku

Talotalo ba kaza ba ne da gida ɗaya zai tashi da shi a zama guda. Babba yakan haura kilo bakwai, don haka duk inda aka yanka shi, ko na Kirsimeti ne ko na Sabuwar Shekara, sai nama ya kwana. Tambayoyin wannan mako duk a kan wannan ragowar suke, kuma amsoshin sun shafi naman kaza da na zabo da na layya.

Likita, ranar Kirsimeti na dafa miyar talotalo a babbar tukunya tun da rana. Baƙi suka yi ta zuwa har dare, na manta ban sa ta a firiji ba, ta kwana a kicin a rufe. Ana sanyin hunturu, kuma ba ta yi wari ba. In tafasa mu ci? (Wata uwargida daga Jos)

Uwargida, ki yi haƙuri ki zubar da ita. Na san asara ce mai ciwo idan aka duba kuɗin talotalo, amma jinyar mutum biyar a gida ɗaya ta fi ta tsada.

Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abincin da zafinsa yake tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas. A wannan tsakanin adadinsu yana iya ninkawa duk minti 20. Shi ya sa ƙa'idar ita ce kada dafaffen nama ya wuce awa 2 a waje, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32, kamar yadda yake a Kano ko Maiduguri da bazara, awa 1 kacal. Sanyin Jos sanyi ne ga jikin mutum, amma kicin ɗinki bai kai sanyin firiji ba, wanda ake so ya tsaya a digiri 4 ko ƙasa da haka.

Babbar tukunya kuma ita ce ta fi haɗari. Gefenta zai huce, tsakiyarta tana nan da ɗumi har asuba, ga murfi ya riƙe zafin. Akwai wata ƙwayar cuta, Clostridium perfringens, wadda take shiga wani irin ƙoƙo mai tauri da dahuwa ba ta kashe shi. Da miya ta fara hucewa sai ta farka ta yi ta haihuwa a wannan ɗumin. Wanda ya ci, bayan awa 6 zuwa 24 sai murɗawar ciki da gudawa, yawanci babu zazzaɓi babu amai. Ita wannan tafasawa sosai tana kashe ta. Wadda tafasawa ba ta magani ita ce gubar Staphylococcus aureus. Ƙwayar tana zaune a hanci da fatar mutane masu lafiya ƙalau, tana shiga abinci ta hannu, kuma ranar biki hannu nawa ne ya tsamo nama? Idan ta samu awoyi a cikin miya tana zubar da guba. Wuta za ta kashe ƙwayar, gubar tana nan daram, ita ce ke sa amai mai tsanani tsakanin minti 30 zuwa awa 8 bayan an ci.

Maganar wari kuwa, kada ki dogara da hanci. Ƙwayoyin da ke sa nama yauƙi da tsami daban, waɗanda ke kwantar da mutum daban, kuma na biyun ba sa canja ƙamshi ko ɗanɗano. Ɗanɗanawa don a gwada ma kuskure ne.

A gaba, da an gama rabon farko ki kwashe wadda za a ajiye. Ki zare naman daga ƙashi, ki raba miyar a robobi masu faɗi, kada zurfinta ya wuce santimita 5, wato kamar tsawon ɗan yatsanki ƙarami. Idan da zafi sosai ki dasa tukunyar a baho mai ruwan sanyi kina juyawa har tururin ya lafa. Ba sai ta huce sarai za ta shiga firiji ba, ƙananan robobi masu ɗumi ba sa lalata shi. Haka nan kula: an yi ta ne don abinci ya isa wajen baƙi da zafinsa, ba wajen kwana ba ce. Shinkafar da ta yini a kula ta fi kowane abinci ban tsoro, domin ita ma tana da tata ƙwayar, Bacillus cereus, mai gubar da ɗumame ba ya karya ta.

Mun cika firiza da soyayyen talotalo da ɗanyensa, sai aka ɗauke wuta kwana biyu. Yanzu ta dawo. Yaya za mu yi? (Wani magidanci daga Kaduna)

Malam, amsar tana ga abin da hannunka zai taɓa. Firizar da ta cika maƙil, idan ba a yi ta buɗe ta ba, tana riƙe sanyi kimanin awa 48. Wadda take rabi, awa 24. Firiji kuwa, wanda ba ya daskarar da abinci, awa 4 ne kawai.

Ka duba ƙulli-ƙulli. Duk wanda har yanzu akwai ƙanƙara a jikinsa, ko tsakiyarsa da tauri, ana iya barinsa ya sake daskarewa, sai dai zai ɗan rage daɗi. Wanda ya narke amma sanyinsa ƙarara ne kamar an ciro shi daga firiji, a dafa shi yau. Wanda ya saki gaba ɗaya, ruwan jini ya kwanta a ƙasa, ba ka kuma san tun yaushe ba, a zubar. Ka lura da soyayyen da ruwan ɗanye ya ɗiga a kansa, domin ta nan ƙwayar cutar Salmonella ke komawa kan abin da aka riga aka dafa. Dafaffe a sama, ɗanye a ƙasa, kowanne a rufe.

Ga wata dabara don gaba: ka daskarar da ruwa a ƙaramin kofi, ka ɗora kwabo ko ƙaramin dutse a kan ƙanƙarar, ka bar shi a ciki. Ranar da ka tarar ya nutse ƙasa, ka san kayan sun narke sun sake daskarewa ba da saninka ba. Jarkokin ruwa da aka cike gurbi da su ma suna ƙara wa firiza juriya.

Ina zaune a Amurka. An ba mu gasasshen talotalo kusan rabi bayan bikin Thanksgiving, wato bikin godiya na Amurkawa. Kwana nawa zai yi, kuma me zan dafa da shi da yara za su ci, tunda naman ƙirjin ya bushe? (Wata 'yar'uwa)

'Yar'uwa, a firiji kwana 3 zuwa 4 ne, matuƙar an sa shi a kan lokaci. Bikin yana faɗowa ranar Alhamis ta huɗu a Nuwamba, ke nan Litinin ce ranar ƙarshe. Abin da kika san ba za ku cinye ba ki kai firiza tun ranar farko, kada ki jira sai kwana na huɗu. A digiri 18 ƙasa da sifili ba ya zama haɗari, amma bayan wata 2 zuwa 6 ɗanɗanonsa yana gushewa. Ki ƙulla shi daidai cin zama ɗaya, ki rubuta kwanan wata a jiki. Haɗin burodi da ganye da suke cusawa a cikin cikinsa ki kwashe shi ki ajiye daban, shi ya fi saurin lalacewa.

Ƙirjin yana bushewa ne saboda ba shi da kitse, kuma duk sake dafawa tana ƙara matse ruwansa. Maganinsa romo, romon kuma yana cikin ƙashin da mutane ke jefarwa. Ki karya gangar jikin gida huɗu, ki zuba ruwa kamar lita 3, albasa 2, citta, tafarnuwa, masoro, kanumfari kaɗan da attaruhu. Idan ya tafasa ki rage wuta ya yi ta ɓararraka a hankali awa 2. Sai ki tace da rariya, domin dafaffen ƙashin tsuntsu yana tsagewa ya yi tsini, yana iya maƙale wa yaro a maƙogwaro. Wannan romon shi ne farfesunki, shi ne kuma ruwan dafa-dukarki ko na miyar taushe. Naman kuwa ki yayyanka shi ki zuba a minti 10 na ƙarshe, ya sha romo ya yi zafi har ciki ba tare da ya zama igiya ba.

Zafin da ake nema a ɗumame shi ne digiri 74, wato 165 a ma'aunin da kuke amfani da shi a can. Idan babu ma'auni, miya ta tafasa sosai, nama kuma a tsaga mafi kaurinsa a ga tururi na fita. Maikurowef yana barin wani wuri da sanyi, sai a rufe kwanon, a tsaya a juya a tsakiyar lokaci. Ki ɗebi wanda za a ci kawai ki ɗumama, kada a yi ta kai tukunya ɗaya wuta ana dawo da ita. Daskararre kuma a narkar da shi cikin firiji, ba a kan tebur ba.

Ba mu da firiji. Dambu zai yiwu da naman talotalo? (Wata uwargida daga Zariya)

Zai yiwu, Hajiya, kuma shi ne mafi alherin abin da za ki yi, domin ƙwayoyin cuta ba sa hayayyafa inda babu danshi. Sharaɗi ɗaya ne: a yi shi ranar da aka dafa naman. Dambu ba ya gyara naman da ya riga ya kwana a waje.

Ga kilo 1 na tsoka, ki cire fata da ƙashi da guringuntsi. Ki ɗan sake tafasa shi da albasa 2, citta, tafarnuwa da gishiri cikin ruwa kaɗan har ruwan ya tsotse. Ki daka a turmin da aka wanke ya bushe, har ya zama zare-zare. Ki zuba man gyaɗa kamar ludayi ɗaya a kasko, wuta kaɗan-kaɗan, kina juyawa ba tsayawa. Zai ɗauki rabin awa ko fiye. Alamar ya yi ita ce tururi ya daina tashi, kumfar man ta kwanta, idan kin murza shi a yatsa yana warwatsewa. Wuta mai ƙarfi tana ƙona bayansa ta bar danshi a ciki, wannan shi ne dambun da ke yin fumfuna cikin kwana uku.

Ki baza shi a faranti ya huce sarai kafin ki rufe, in ba haka ba gumi zai taru a murfi ya koma ciki. Mazubi busasshe, cokali busasshe, babu sa hannu. Wanda ya bushe haka yana yin makonni. Mai laushi da aka bari da ɗan ruwa-ruwa don daɗi kuwa hukuncinsa na dafaffen nama ne, a cinye shi a ranar. Idan kin ga fumfuna ko man ya canja wari, duka za a zubar, ba saman kaɗai ba.

Mahaifina yana da hawan jini da ciwon suga. Zai iya ci? Matata kuma tana da juna biyu.

Baba zai iya ci. Tsokar talotalo marar fata tana cikin nama mafi ƙarancin kitse, kuma ba ta ɗaga suga. A ba shi kamar faɗin tafin hannunsa, dafaffe ko gasasshe. Abin kiyayewa gishiri ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, kuma ɗunƙulen ɗanɗano gishiri ne mafi yawansa. Ragowar nama ta riga ta sha nata, kada a ƙara wani a sabuwar miya. Idan ciwon ya taɓa masa ƙoda, likitansa ne zai ƙayyade masa yawan nama.

Maiɗakinka kuwa kada ta ci shi da sanyinsa daga firiji. Ƙwayar Listeria tana iya hayayyafa ko a cikin firiji, kuma tana jawo ɓari ko haihuwa kafin lokaci. A ɗumama mata har ya yi tururi. Idan ta yi zazzaɓi, ko da babu gudawa, ta je asibiti a ranar.

Ɗana mai shekara 3 ya kama gudawa da amai washegarin da muka ci ɗumamen talotalo. In sayo masa maganin tsayar da gudawa?

A'a, Maman yaro, ba a ba ƙananan yara wannan maganin, kuma kada ki sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis ba tare da an duba shi ba. Abin da ke kashe yaro a gudawa ƙarewar ruwan jiki ne, shi za ki tare.

Ki sayi ƙullin ORS, wato haɗin gishiri da sukari, ki haɗa yadda aka rubuta a jikinsa. Idan babu, lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada gishirin ya wuce haka. Bayan kowace gudawa ki ba shi rabin kofi zuwa kofi ɗaya, da cokali, a hankali. Idan ya yi amai ki dakata minti 10 ki ci gaba. Haɗin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. Ki haɗa masa da ƙwayar zinc mai miligiram 20, sau ɗaya a rana, kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya. Kada ki hana shi abinci: kunu, ayaba, shinkafa mai laushi da aka dafa yanzu.

Ki ɗauke shi zuwa asibiti nan take idan kin ga jini a bayan gidansa, ko zazzaɓi mai zafi, ko duk abin da ya sha yana dawowa, ko idanunsa sun faɗa, ko yana kuka babu hawaye, ko ya yi awa 6 zuwa 8 bai yi fitsari ba, ko ya yi laushi yana ta barci ba ya son tashi. Ki gaya wa ma'aikatan abin da aka ci, da ƙarfe nawa, da ko wani a gidan ya kamu, domin tazarar da ke tsakanin ci da fara ciwo tana nuna musu irin ƙwayar da ake fama da ita. Sauran naman kuma kada kowa ya ƙara taɓa shi.