Zauren Tambaya da Amsa: Shirin Tashi Zuwa Sabon Gida

Tambayoyin wannan fitowar duk a kan ƙaura suke. Mun ɗauki waɗanda aka fi maimaitawa, mun taƙaita wasu saboda fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Saura mako biyar hayarmu ta ƙare, kuma mun riga mun kama wani gidan. Mu shida ne, ɗaki uku da falo. Maigidana ya ce kwana biyu sun isa a haɗa kaya, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Ta ina ake farawa?
— Wata uwargida

Amsa: Wa alaikumus salam, uwargida. Kwana biyu sun isa a cusa kaya a buhu, amma ba su isa a haɗa su yadda za su sauka lafiya ba. Aikin ma ba daga gidan da kuke ciki yake farawa ba. Daga sabon gidan ake farawa, tun yana wayam, domin duk gyaran da ba a yi ba kafin kaya su shiga, wahalarsa ninkuwa take yi.

A makon farko ku je da rana tsaka, ku riƙe cajar waya, ƙwan fitila ɗaya, tocila da tef ɗin awo. Kowane soket a gwada shi da cajar, kowane makunni da ƙwan. Ku buɗe famfuna ku bar su kamar minti biyu, sannan ku leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke ku shafa bututun. In hannu ya jiƙe, akwai yoyo. A banɗaki ku sheƙa bokitin ruwa a ƙasa, ku tsaya ku ga inda zai nufa. Idan ya bi kwata ya wuce, madalla. Idan ya kwanta a lungu ko ya nufo bakin ƙofa, daɓen ne bai karkata daidai ba, kuma kullum da shi za ku riƙa fama. Ku ɗaga kai ku dubi silin: tabo mai ruwan ƙasa shaida ce rufin yana zuba, ko da ranar ba a ga ɗigo ba. Ku sunkuya ku dubi gindin bango: fentin da ya kumbura yana ɓarewa, ko farin gari kamar gishiri, laima ce ke tasowa daga ƙasa, kuma duk katakon da aka jingina a wurin zai lalace. Katakon ƙofa a ƙwanƙwasa shi. In ya yi amo kamar ba komai a cikinsa, ko aka ga siririyar hanyar ƙasa ta hau jikinsa, gara ta riga ku tarewa.

Duk abin da kuka gani ku ɗauki hotonsa ku tura wa mai gidan, a rubuta wanda zai gyara da ranar gamawa. Gyaran yana da jeri: a toshe yoyo, a bar bango ya bushe, a yi fenti, a yi feshin ƙwari, sannan a wanke gida. Wanda ya shafa fenti a jiƙaƙƙen bango kuɗinsa ya zubar. Fentin ruwa yana son kwana biyu zuwa uku tagogi a buɗe kafin a kwana a ɗakin, na mai kuwa ya fi haka. Bayan feshi a bi sa'o'in da aka rubuta a jikin maganin, a bar iska ta ratsa, a wanke kantar kicin da sabulu. A canza makullan ƙofofin waje. Ba zargin kowa ba ne, kawai dai ba wanda ya san yawan mabuɗan da suka shiga hannun mutane kafin ku.

Kada ku bar gidan ba ku yi awo ba. Ido ba mudu ba ne, ko da ya san ƙima. Ku auna faɗin kowace ƙofa, da kwanar matakala in bene ne, ku dawo ku auna babbar kujera, wadirob, gado da firiji. Abin da ya ƙi shiga da tazarar santimita biyu ko uku, cire ƙyauren ƙofar yakan ba shi hanya. Abin da ya wuce haka, kafinta zai kwance shi, kuma gara ku sani yanzu da ku sani mota tana jira.

A tsohon gida, mako na biyu na ware kaya ne: na tafiya, na bayarwa ko sayarwa, na zubarwa. Abin da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba, da wuya ya cancanci kuɗin dako. Daga nan sai a riƙa cika kwali uku ko huɗu kullum, a fara da abin da ba a nema: littattafai, kayan ado, tufafin da ba lokacinsu ba. Gida irin naku ku tanadi kwali kamar 40 zuwa 50. Kicin shi ne na ƙarshe, kuma shi kaɗai yana cin yini guda cur.

Tambaya: Wancan tashin da muka yi, kwalaye biyu suka ɓarke a hannun 'yan dako, rabin farantan tangaran ɗina suka farfashe, alhali na naɗe su da zani. Ina kuskuren yake?
— Wata mai karatu

Amsa: Sannu da asara, 'yar uwa. Kusan kullum abu uku ne: nauyi, gindin kwali, da yadda aka jera.

Kwali kada ya wuce kilo 20. In kika kasa ɗaga shi ke kaɗai ba tare da nishi ba, a rage. Masu nauyi kamar littattafai da tangaran su shiga ƙananan kwalaye, marasa nauyi kamar matashin kai da bargo su shiga manya. Mutane sukan yi akasin haka, don ganin babban kwali yana sa a ji kamar a cika shi.

Gindin kwali ba a sarƙe kunnuwansa a juna a ce ya rufu. Da an ɗaga, nauyi zai ɓalle su. A haɗa bakunan, a ja faffaɗan salatif sau biyu a tsakiya har ya hau gefe da gefe, sannan a ja wani a kowane baki na gicciye.

Faranti kuma ba a kwantar da shi. Idan an ɗora goma a kan juna, duk ramin da mota ta faɗa na ƙasa ne zai sha nauyin tara. A shimfiɗa tsumma ko dunƙulalliyar takarda mai kaurin santimita biyar a ƙasa, a naɗe kowane faranti shi kaɗai, a jera su a tsaye a kan gefensu, a matse. Kofin gilashi a cusa masa takarda a ciki, a naɗe, a kife shi. Kafin ki rufe, girgiza kwalin a hankali kusa da kunnenki. In kin ji ƙaras-ƙaras, akwai sarari. A cike shi da tawul ko safa har sai ya yi shiru. Tsohuwar jarida tana aiki, sai dai tawadarta tana fita, za ki sake wanki.

Rubutu a gefen kwali ake yi, gefe biyu, domin na sama yana ɓacewa da zarar an ɗora wani. A sa lamba da sunan ɗaki, a rubuta abin da ke ciki a littafi. Kwalban mai, sabulun ruwa da turare a cire murfi, a ɗora 'yar leda a baki, a mayar da murfin. In kwalayen na hannu ne, a duba ramukan da ke cikin kaurinsu da kyau: nan kyankyaso ke ɓoye ƙwansa, kuma ta nan ake kai shi gidan da aka gama feshewa.

Tambaya: Maƙwabcina ya tashi, firijinsa da ke aiki lafiya ya daina sanyi washegari. Ni ma tashi zan yi. Me ya kamata in kiyaye?
— Wani magidanci

Amsa: Malam, mai yiwuwa an kwantar da shi a mota, aka kuma kunna shi da isa. A bayan firiji daga ƙasa akwai wata baƙar tukunya, kwamfiresa, da mai a cikinta. In aka kwantar da firiji, man yakan gangara cikin bututun da iskar sanyi ke bi. Idan aka kunna kafin ya koma mazauninsa, injin zai juya ba isasshen mai, man da ya fita kuma yana iya toshe siririn bututun. Ko dai sanyi ya ragu, ko injin ya ƙone.

Ka kashe shi awa 24 kafin ranar tashi, ka bar ƙofa a buɗe da tawul a ƙasa. Kada a sa wuƙa a ɓanɓare ƙanƙara. Bututun yana nan dab da bangon ciki, huji ɗaya ya isa iskar ta tsere. A zubar da ruwan da ke 'yar tasar baya, a cire gilasan ciki a naɗe su daban, a ɗaure ƙofa da igiya ko zani, domin salatif yakan ɗago fenti. A tsaye za a ɗauke shi, in za a karkata kada ya wuce rabin kwanciya. In ba makawa sai an kwantar, a gefe ne ba a baya ba, ɓangaren da ƙofa ke maƙale ya kasance a sama. Da an sauke, a tsayar da shi awa huɗu kafin a kunna in a tsaye ya zo, awa 24 in kwance ya zo. A bar tazarar santimita biyar zuwa goma tsakaninsa da bango.

Injin wanki mai ƙofa a gaba ma yana da nasa: akwai dogayen notuna uku ko huɗu da ya zo da su, masu riƙe gangar ciki. A mayar da su kafin a ɗauka, a tsiyaye ruwan ta 'yar ƙofar ƙasa, kuma lallai a cire su kafin wankin farko.

Tambaya: Yaya zan yi da mai mota da 'yan dako kada a yi rigima a tsakiyar aiki?
— Wani ɗan uwa

Amsa: Kada ka yi ciniki ta waya, ɗan uwa. Gani ya kori ji: ya zo ya ga kayan da idonsa, ya kuma san hanyar sabon gidan, ko motarsa za ta iya shiga layin. Ku yanke magana a kan sawu nawa, mutum nawa, hawa na nawa in bene ne, wa zai biya in abu ya fashe, da ko yana da tampol da igiya. Rigimar da ake yi yawanci a kan ɗaya daga cikin waɗannan take, kuma tana tashi ne lokacin da rabin kayanka ke kan titi. A fara da sassafe. Sauke kaya cikin duhu shi ne ke kawo ɓata da fashewa.

Lodi da masu nauyi ake farawa: firiji, injin wanki, wadirob, su jingina da bayan mazaunin direba, a ɗaure su. Katifu a sa musu leda a tsayar da su a gefe, madubi da talabijin su shiga tsakaninsu a tsaye. Talabijin mai faɗi in aka kwantar da ita, girgizar hanya tana iya tsaga gilashin daga tsakiya. Kwali mai nauyi a ƙasa, mara nauyi a sama, kowane layi a ɗaure kafin a fara na gaba. Gado da teburin da aka kwance, notunan kowanne su shiga leda ɗaya a manne a jikinsa, kuma a ɗauki hoton wayoyin bayan talabijin kafin a zare. Mutum ɗaya ya tsaya a tsohon gida yana ƙirga lambobin kwalaye, wani a sabo yana karɓa yana nuna ɗaki. Ƙananan yara a kai su wajen 'yan uwa ranar nan. Mai ɗauke da wadirob ba ya ganin abin da ke gaban ƙafarsa.

Tambaya: Tukunyar gas da janareta fa, a haɗa su da sauran kaya?

Amsa: A'a, sai da shiri. Tukunya a rufe kanta, a cire na'urar da ke haɗa ta da tiyo, a tsayar da ita a ɗaure inda iska ke kaɗawa. Ba a kwantar da ita, ba a binne ta da kaya, ba a kulle ta a but ɗin mota cikin rana. In an sake haɗawa, a shafa ruwan sabulu a mahaɗar. Kumfa ta taso, akwai yoyo. Ashana ba abin gwaji ba ce. Janareta a bar shi ya huce, a juye fetur, a rufe famfon mai, a ɗauke shi a zaune yadda yake, don in ya karkata baƙin mai yana shiga matatar iska ya ƙi tashi.

Tambaya: Me zan yi ranar ƙarshe don kada tsohon mai gida ya biyo ni da bashi?
— Wani ɗan haya

Amsa: Tun farko ka duba takardar yarjejeniya ka ga kwanakin sanarwar da ta ce, ka ba da ita a rubuce. Ranar tashi, bayan an kwashe an share, ka ɗauki hoton kowane ɗaki da na mitar wuta da ta ruwa, lambobin su fito sarai. Ku zaga gidan tare da mai shi ko wakilinsa, ya ƙirga mabuɗai, ya sa hannu cewa ya karɓa. Haka za ka ɗauki hoton mitocin sabon gida kafin ka kunna ko ƙwai ɗaya, kada a ɗora maka na wanda ya tashi.

Kafin ka ja ƙofa, leƙa saman wadirob ɗin bango, bayan ƙofofi, igiyar shanya da rufin banɗaki, nan ake mantuwa. Jaka ɗaya kuma kada ta hau motar kaya: takardun gida da na makaranta, katin shaida, kuɗi da gwal, magungunan da ake sha kullum, caja, tocila, zanin gado, kayan sawa na kwana biyu, sabulu, ƙwan fitila biyu, sukudireba da filaya. A kafaɗarka za ta tafi. Da isa, gado za a fara haɗawa tun da sauran ƙarfi a jiki, sai labulen ɗakin kwana, sauran kwalayen su jira gobe.