Tambaya da Amsa: Me ya sa injin Corolla ba ya jure tafasa kamar na Fijo 504?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi Corolla ƙirar 2006, a takardarta an rubuta DOHC, a murfin injin kuma VVT-i. Bakanikena ya ce injinan yanzu duk alminiyam ne, sau ɗaya suka tafasa shi ke nan, ba kamar Fijo 504 ba da za ta tafasa a zuba mata ruwa a ci gaba da tafiya. Ya ba ni shawara a cire tamostat saboda zafin garinmu. Shin maganarsa gaskiya ce? Kuma mene ne bambancin DOHC da SOHC? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bakanikenka yana da gaskiya kan cewa injin motarka ba ya son tafasa, amma shawarar cire tamostat kada ka karɓe ta. Tambayoyinka biyu a haɗe suke, domin wurin da aka dasa kamshaf a cikin inji yana da hannu wajen irin ɓarnar da zafi ke yi masa.

Kowace silinda tana da bawul na shigar iska da mai, da bawul na fitar hayaƙi. Abin da ke buɗe su shi ne kamshaf, sandar ƙarfe mai ƙusumbi-ƙusumbi, wadda take juyawa sau ɗaya duk lokacin da kiranshaf, wato babbar sandar ƙasa da fistin ke juyawa, ya juya sau biyu. Injin 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975 kamshaf ɗinsa a ƙasa yake, cikin bulok, wato gangar jikin injin da silindoji ke ciki. Ƙusumbin yana ɗaga tafet, tafet ya tura wata doguwar sanda sama, sandar ta ɗaga gefe ɗaya na roka, ɗaya gefen ya danna bawul. Wannan tsari shi ake kira OHV, kuma shi ne a injinan 3Y da 4Y na tsofaffin Hiace. Yana da sauƙin gyara, sarƙar da ke haɗa kiranshaf da kamshaf gajera ce, kan injin kuma ba shi da kaya da yawa. Inda yake gazawa shi ne gudu: sassan da ke kai-komo sun yi yawa kuma suna da nauyi, idan injin ya hau juyi sosai sai sifirin ya kasa dawo da bawul kan lokaci.

Shi ya sa masu ƙira suka ɗauke kamshaf suka kai shi sama, cikin kan inji, wanda kanikawa ke ce wa tof. Idan guda ɗaya ne yake kula da bawul duka, SOHC ke nan, kamar injin F23 na Honda Accord daga 1998 zuwa 2002. Idan biyu ne, ɗaya na shiga ɗaya na fita, DOHC ke nan. Ba sabon tunani ba ne, Fijo (Peugeot) ɗin kanta ta yi amfani da kamshaf biyu da bawul huɗu a kowace silinda a motar tserenta ta 1912. Amfanin DOHC shi ne yana ba da fili a sa bawul huɗu a kowace silinda, fulogi ya zauna a tsakiya, iska ta shiga da yawa ta fita da sauri, wuta ta ci mai daidai. Injinka, wanda lambarsa 1ZZ-FE ce mai cc 1,794, yana da bawul 16, kuma kamshaf yana danna su kai tsaye ta kan wasu ƙananan kofuna na ƙarfe, babu roka a tsakani. Kada ka ɗauka DOHC kullum ya fi SOHC. Injinan V6 na Honda kamshaf ɗaya ne a kowane gefe, amma bawul huɗu suke da shi a kowace silinda, kuma ba wanda zai kira su raunana.

VVT-i da ka gani na'ura ce a goshin kamshaf na shiga, wadda take gusar da lokacin buɗe bawul gaba ko baya gwargwadon juyin inji. Da matsin baƙin mai take aiki, ta wasu siraran hanyoyi da ƙaramin rariya. Shi ya sa aka rubuta wa injin 5W-30. Mai kauri irin 20W-50 da aka saba zuba wa 504 yana jinkirin kaiwa sama da safe, kuma man da ya daɗe har ya yi laka yana toshe rariyar, injin ya fara rawa a tsaye ko ya yi ƙara idan an tayar da shi.

Yanzu ga batun ƙarfe. Abin da mutane da yawa ba su lura ba shi ne 504 ma kan injinta alminiyam ne. Bulok ɗin ne na baƙin ƙarfen zubi, da silindojin da ake iya zarewa a sa sababbi. Corolla ɗinka kuwa kai da bulok duka alminiyam ne, sai dai an saka wa ramukan silinda siraran riguna na baƙin ƙarfe domin fistin ya samu wurin gogawa mai ƙwari. Dalilin komawa alminiyam a fili yake. Nauyinsa gram 2.7 ne a kowane cc, wato santimita ɗaya a tsawo, faɗi da zurfi, baƙin ƙarfen zubi kuwa kusan 7.2, sannan yana kwashe zafi ya miƙa wa ruwa wajen ninki uku na baƙin ƙarfe. Mota ta yi sauƙi, ta rage shan mai, kuma ana iya ƙara matsin cikin silinda ba tare da injin ya fara ƙwanƙwasa ba.

Farashin wannan shi ne alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Sandar alminiyam mai tsawon rabin mita idan zafinta ya ƙaru da digiri 100 za ta ƙara tsawon da ya ɗan haura milimita ɗaya, ta baƙin ƙarfe kuwa kusan rabin milimita. Idan ruwa ya ƙare ko ya daina zagayawa, zafin ba ya hawa daidai ko'ina. Tsakiyar kai, tsakanin silinda ta biyu da ta uku, musamman gefen hayaƙi, ita ta fi ƙuna. Tana son ta miƙe amma notuna goma sun danne ta, ga alminiyam ɗin ya yi laushi saboda zafi. Sai ya lanƙwashe, idan ya huce kuma ba ya komawa yadda yake. Daga nan gasket, wato faifan da ke liƙe tsakanin kai da bulok, ya daina riƙewa, hayaƙi ya shiga ruwa, ruwa ya shiga silinda ko baƙin mai. Alamunsa sanannu ne: ruwa yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, kumfa na tasowa a bakin lagireto, tiyo ya ƙumbura ya yi tauri jim kaɗan da tayar da mota, farin hayaƙi mai kauri ta salansa, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara.

A nan ne tsarin bawul ya shigo. A 504, idan kai ya lanƙwashe, kamshaf yana can ƙasa cikin baƙin ƙarfe bai san abin da ake yi ba. A kai tof ɗin wurin injiniya a share fuskarsa, a sa sabon gasket, a gyara tazarar roka da sifana da sukundireba, mota ta tashi. A injinka kuwa, kamshaf biyun suna kwance kai tsaye a kan alminiyam ɗin tof, shi ne gadonsu. Idan tof ya yi baka, gadon ma ya yi baka. Injiniya zai iya share ƙasa ta yi sumul, amma sama tana nan a karkace, kamshaf ya riƙa cije wa, ya cinye gadonsa, wani lokaci ya karye. Saboda haka kafin a share, a zare bawul da kofunansu, a kwantar da kamshaf a gadonsa da ɗan mai, a ɗaure murafansa, a juya da hannu. In bai juya sumul ba, sharewa asarar kuɗi ce, sai dai a nemi wani tof ɗin. Sharewa mai yawa ma tana da nata illar, domin tana matso da kamshaf kusa da kiranshaf, sarƙa ta saki, taimin, wato lokacin buɗe bawul, ya ɗan koma baya, matsin silinda kuma ya ƙaru.

Ma'aunin lanƙwasar tof da Toyota ta yarda da shi a wannan injin ƙanƙane ne, milimita 0.05 a fuskar da take haɗuwa da bulok. Ido ba ya ganin wannan, tafin hannu ma ba ya jin sa. Ana ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a tsaye, a kwance da kuma a gicciye, a gwada zura fila geji, wato siririn faifan ƙarfe na auna tazara, a ƙarƙashinsa. A auna fuskar bulok ɗin ma, tunda shi ma alminiyam ne. Gasket na waɗannan injina faifan ƙarfe ne sirara da aka jera, suna buƙatar fuska mai santsi ƙwarai, don haka gogewa da sanfefa ko dutse a gareji tana lalata aikin. Kada kuma a shafa masa gam.

Ɗaurin notunan ma yana da ƙa'ida. Ana farawa daga tsakiya a fita waje, a matakai, har a kai 49 N·m, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri, da sifanar awo, sannan a ƙara wa kowanne juyi na digiri 90. Notunan an ƙera su ne su ɗan miƙe, shi ya sa ake auna su kafin a maimaita amfani da su, wanda ya sirance a canza shi. Ramukan notin su kasance a bushe, domin ruwa ko mai da ya taru a ciki yana iya tsaga bulok idan an ɗaure. Zaren da yake riƙe notin a cikin alminiyam yake, kuma zafi yana raunana shi. An san injin 2AZ-FE na Camry mai lita 2.4, musamman na shekarun farko, da zarewar wannan zare a notunan baya bayan ya yi zafi. Gyaransa shi ne a dasa sabon zare na ƙarfe mai tsawo a ramin, ba a ƙara wa noti ƙarfi da bututu ba.

Game da tamostat, aikinsa ya riƙe ruwa a cikin inji har ya kai wajen digiri 82, sannan ya buɗe hanya zuwa lagireto. Da zarar ya buɗe gaba ɗaya ba ya hana komai, don haka lafiyayyen tamostat ba ya sa mota tafasa ko da a watan Afrilu ne. Idan aka cire shi, injin yana daɗewa bai yi ɗumi ba, musamman da hunturu. Kwamfutar motar za ta ɗauka har yanzu da sanyi, ta ci gaba da ƙara fetur, fetur ɗin ya wanke man da ke jikin silinda, ringi su cinye da wuri, ga shan mai. A injina da yawa kuma gindin tamostat ne yake rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji bai je lagireto ba, in babu shi wani kaso na ruwan zafi zai riƙa zagaye a ciki. Idan kana shakkar naka, a jefa shi cikin ruwa a kan wuta a ga ko yana buɗewa kafin ruwan ya tafasa. In ya ƙi, a sayi sabo.

Motar da take ɗaukar zafi, a duba ainihin dalilin: lagireto da ya toshe daga ciki ko ƙura ta cike haƙoransa daga waje, fanka da ba ta tashi, famfon ruwa da ya gaji, ko murfin lagireto da ya daina riƙe matsi. Murfin nan ƙaramin abu ne amma shi yake ɗaga ma'aunin tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa wajen 120. Ruwan rijiya ko na burtsatse kuma yana barin gishiri a hanyoyin ruwa yana cin alminiyam a hankali. A yi amfani da ruwan sanyaya inji na gaskiya, ko dai wanda aka riga aka haɗa, ko a gauraya mai kauri rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir. Idan allura ta haura a hanya, ka tsaya ka kashe injin nan take, kada ka ce bari in ƙarasa gari. Kada ka buɗe murfi da zafi, kuma kada ka kwarara ruwan sanyi a ciki sai ya huce, domin sanyin farat ɗaya yana tsaga tof tsakanin mazaunin bawul.

Ta ɓangaren taimin ka huta, injinka sarƙa gare shi, kuma tsaftataccen mai shi ne abin da take buƙata. Masu Accord mai F23 ko V6 su ne da bel na roba, kuma a waɗannan injina idan bel ya tsinke fistin yana dukan bawul ya lanƙwasa su. Honda ta ce inda zafi ke haura digiri 43 a kai a kai, a canza shi a kilomita 100,000, kuma garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri suna kaiwa haka da bazara. Tazarar bawul a injinka, idan ya huce, milimita 0.15 zuwa 0.25 ce a na shiga, 0.25 zuwa 0.35 a na fita. Babu sukurun gyarawa, sai dai a canza kofin da wani mai kaurin da ya dace, don haka duk ranar da aka buɗe tof a jera kofunan nan 16 bisa tsari, kowanne ya koma kan bawul ɗinsa.