Fadar Trakai: tsohon gini ne ko sabo?

Tambaya: Na ga hoton wata jar fada a tsakiyar tafki, an ce Trakai ce a ƙasar Lituweniya, kuma wai ta haura shekara 600. Amma ginin tsaf yake kamar jiya aka gama shi. Ko dai don 'yan yawon buɗe ido aka gina ta?

Amsa: Malam, idonka ya gane maka gaskiya, sai dai ba dukanta ba. Fadar tana kan tsibiri a tafkin Galve, kilomita 28 yamma da Vilnius, babban birnin ƙasar. Sarki Kestutis ne ya aza harsashinta a ƙarni na 14, ɗansa Vytautas ya kammala wajen 1409, kuma a cikinta ya rasu a 1430. Domin yaƙi aka yi ta, saboda mayaƙan Jamus 'yan Kiristanci da ke yawan kawo hari. Da aka murƙushe su a yaƙin Grunwald a 1410, sai ta zama wurin zaman sarki da saukar baƙi. Daga baya ta koma kurkuku, yaƙi da Masko a tsakiyar ƙarni na 17 ya bar ta kango, ta kwashe kusan shekara 300 a haka.

A shekarun 1950 aka shiga aikin sake gina ta gadan-gadan, zamanin da ƙasar ke ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet. Shugaba Khrushchev ma sai da ya caccaki aikin, wai ana ɗaukaka sarakunan zamanin da, aka tsaya, sai a 1987 aka ƙarasa ɓangaren gaba.

In ka samu hoto na kusa, dubi gindin ganuwar. Za ka ga manyan duwatsu da bulo mai duhu, wanda ya ci jiki; wannan na asali ne. Daga inda jan bulon ya yi haske, layinsa ya miƙe sambal, aikin ƙarni na 20 ke nan, haka rufin hasumiyoyi da barandar katako da ke zagaye tsakar gidan. Busasshen gwalalon da ya raba fadar da farfajiyar gaba kuwa, a da cike yake da ruwa, don a lokacin ruwan tafkin ya fi na yanzu tsayi da kimanin mita 2.

Masana na yi wa aikin tsegumi cewa inda aka rasa shaida an cike da hasashe, kuma suna da hujja. Ni dai a ganina gara haka, domin bulon da ba shi da rufi ba ya jure ƙanƙarar wannan yanki.