Kare ya lashi ƙunar salansa a ƙafar ɗana, an ce in bari ai magani ne

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara bakwai salansar babur ta ƙone shi a sha-raɓa mako guda da ya wuce. Wurin ya ɗuri ruwa, ya fashe, ya zama ɗanyen ciwo. Shekaranjiya na leƙa zaure na tarar ya miƙe ƙafa, kwikwiyon da maƙwabcinmu mafarauci ya kawo daga ƙauye yana ta lasar wurin, shi kuwa yaron sai dariya yake. Na goge masa da tsumma. Kakarsa ta ce in kwantar da hankalina, yawun kare magani ne, shi ya sa kare ke lashe mikinsa ya warke. Babansa ya kai shi kemis an yi masa allurar tetanus, mai kemis ya ce tunda ba cizo ba ne shi ke nan. Karen kuma ba a taɓa yi masa allura ba. Wallahi Likita na kasa barci. Me zan yi?

Daga wata uwa a Funtuwa

Amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba yaro lafiya. Damuwarki tana kan hanya, kuma ba ki makara ba, amma kada ki ƙara kwana.

Yanzu, kafin ki fita, ki zaunar da shi ki wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudana. Idan babu famfo, wani ya riƙa tsiyaya miki daga buta. Minti 15 cif ake so, ki duba agogo, domin abin da yawancin mutane ke kira wankewa bai kai minti ɗaya ba. Zai yi kuka, ki daure. Idan akwai aidin a gida ki shafa bayan nan. Da a ranar aka yi wannan wankin ya fi amfani nesa ba kusa ba, amma ko yau ki yi. Sannan ki kai shi babban asibiti, ki faɗa musu da bakinki cewa karen da ba a yi wa rigakafi ba ya lashi buɗaɗɗen ciwo, kina neman allurar rigakafin haukan kare. Ki ambaci sunan allurar, don kada a sake yi masa ta tetanus a sallame ku. Allurar tetanus da aka yi masa tana da amfaninta, amma cutar da take karewa daban, ba ruwanta da haukan kare ko kaɗan.

Maganar mai kemis ce ta fi ɓata mini rai, domin kusan kullum sai na ji ta: "ai lasa ce kawai, ba cizo ba." Jama'a sun ɗauka dafin yana cikin haƙorin kare, kamar na maciji. Ƙwayar cutar haukan kare a cikin yawu take. Aikin haƙori kawai ya huda fata ya buɗe wa yawun ƙofa. To a ƙafar ɗanki salansa ta riga ta buɗe ƙofar tun mako guda, kwikwiyo ya zo ya zuba yawunsa a kan tsokar da ba ta da murfi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan bangon a tsage yake. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa haɗuwa da dabba gida uku. Taɓa kare ko ya lashi lafiyayyar fata, wannan mataki na ɗaya ne, wanki ya wadatar. Ɗan yakushi ko gatsa mara jini, mataki na biyu, sai an yi rigakafi. Cizon da ya huda fata, da yawun da ya shiga ido ko baki ko hanci, da lasar fatar da ke da ciwo, duk a mataki na uku aka zuba su, wato mafi haɗari. Lasar da aka yi wa ɗanki layi ɗaya take da cizon da ya fitar da jini. Duk wanda ke riƙe da sirinji yana yi wa mutane allura ya kamata ya san wannan, idan kuma bai sani ba, ya ce a tafi asibiti, ya daina yanke hukunci a kan ran ɗan mutane.

Ita kuwa kaka, Allah ya ƙara mata lafiya, abin da ta taso ta ji ta faɗa, kuma ba a ƙasar Hausa kaɗai ake wannan zancen ba. Akwai ɗan abin da ya haife shi. Harshen kare yana share datti da matacciyar fata daga kan miki, kuma a cikin yawu akwai wasu sinadarai masu ɗan rage ƙarfin wasu ƙwayoyin cuta. Iyakar gaskiyar ke nan. Dabbar da ba ta da hannu, ba ta da sabulu, ba ta da asibiti, da harshe za ta yi abin da za ta iya. Mu kuwa muna ganin karnukan da suka warke ne suna yawo a unguwa, waɗanda mikinsu ya ruɓe suka mutu a bayan gari ba wanda ya ƙirga su. Ki tambayi kowane likitan dabbobi: idan ya yi wa kare tiyata, sai ya sa masa wata roba mai kama da mazurari a wuya, don kawai ya hana shi lasar ɗinkin. Wanda ya fi kowa sanin kare bai yarda yawun kare ya taɓa ciwon karen kansa ba. Ki kuma tuna inda bakin nan ke shiga a wuni guda: bola, mushe, kwata, kashi, da ƙarƙashin wutsiyarsa.

Na taɓa karɓar wani yaro da bai fi ɗanki da shekara biyu ba. An kawo shi ne bayan an yi kwana uku ana fama, ana cewa iskokai ne, saboda yana firgita yana fizge-fizge. Leɓɓansa sun bushe, da kansa yake roƙon ruwa. Da uwar ta miƙo kofi, kafin ya kai baki sai maƙogwaronsa ya shaƙe, idanu suka firfito, ya ture kofin ya ƙanƙame ta. Iskar fanka ma idan ta taɓa fuskarsa sai abin ya tashi, dole muka kashe ta. A tsakanin tashin ciwon hankalinsa garau yake, yana gane kowa, yana tambaya ko za a koma gida. Muka yi ta tambaya ko kare ya cije shi, iyaye suka rantse bai taɓa ba. Sai daga baya yayansa ya tuna cewa wata biyu da suka wuce suna da ɗan kwikwiyo da ke lasar masa wani gyambo a idon sawu, kuma kwikwiyon ya daina cin abinci ya mutu, suka jefar. Ba abin da muka iya yi wa yaron nan sai rage masa wahala. Har yau idan na ji an ce "lasa ce kawai" fuskar uwarsa nake gani.

Haka cutar take. Ƙwayar tana shiga ta ciwo, ta kama jijiya, ta riƙa hawa a hankali har ta isa laka da ƙwaƙwalwa. Yawanci tana ɗaukar wata 2 zuwa 3 kafin ta nuna kanta, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Idan ciwon yana kusa da kai, kamar fuska ko wuya, tafiyar ta fi sauri. A duk tsawon wannan lokaci ciwon zai iya warkewa sumul, yaro yana wasansa, kowa ya ce ai ga shi maganar kaka ta tabbata. Ranar da alamu suka bayyana kuwa, kusan babu mai tashi, a Funtuwa ne ko a Landan. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne mutum kusan 59,000 ke mutuwa da ita duk shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar kare, kuma kimanin 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Abin takaicin shi ne rigakafin ba sabon abu ba ne. Tun ranar 6 ga Yulin 1885 Louis Pasteur ya gwada shi a Faransa a kan wani yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya yayyaga, yaron ya rayu. Shekara fiye da 130 ke nan, mu muna nan ana ƙona gashin karen da ya yi cizo ana barbaɗa tokar a kan rauni.

Kada kuma a ce miki "ai karen lafiyarsa ƙalau, ba ya haushi, ba ya dalala." Kare na iya fara zubar da ƙwayar a yawunsa kwanaki kaɗan kafin a ga wani canji a tare da shi. Kuma ba kowane mai cutar ke bin mutane da cizo ba. Wani lafewa yake yi a lungu, muƙamuƙinsa ya saki, ƙafafun baya su mutu, mutane su ɗauka ƙashi ne ya maƙale masa har su sa hannu a bakinsa. Kwikwiyo ma yana ɗauka, shi ne ma yara suka fi runguma.

A asibiti za a ba ku jadawalin allura. Wanda aka fi bi shi ne ranar farko, da rana ta 3, da ta 7, da ta ƙarshe tsakanin rana ta 14 da ta 28. Wasu wuraren suna yin ta cikin fata a gama a mako guda. Duk wanda aka ɗora ku a kai ku cika shi. A damtse ake yinta, ƙananan yara sosai a cinya. Idan kika ga an nufi ɗuwawu ki hana, a can ba ta aiki yadda ya kamata. Tunda nasa mataki na uku ne, akwai kuma wata allurar garkuwa ta gaggawa da ma'aikata ke kira RIG, wadda ake tsittsirawa a cikin ciwon da gefensa, sau ɗaya, kuma ba a yinta bayan kwana 7 da fara rigakafi. Tana da tsada, tana da wuyar samu, kuma abin kunya ne a ce uwa sai ta yi ta zarya daga wannan taga zuwa waccan ana ce mata "babu, je ki sayo a waje." Ki tambaya, ki nace, amma rashinta kada ya sa a jinkirta rigakafin ko da na wuni ɗaya. Idan dole sai kin sayo a waje, ki saya a babban kantin magani mai firjin da ke aiki, a sa miki a cikin kula mai ƙanƙara. Allurar da aka bari a zafi a kan teburin kanti ba abin dogaro ba ce.

Kwikwiyon kuma kada a kashe shi, kada a mayar da shi ƙauye. Babansa ya je ya yi wa maƙwabci magana ta fahimta, a ɗaure karen inda yara ba sa zuwa, a ba shi abinci da ruwa, a sa masa ido kwana 10. Idan ya cika su garau, ki gaya wa likitan, shi zai yanke ko a tsayar da sauran allurar. Ba a jiran kwana 10 ɗin kafin a fara. Idan ya canza hali ko ya mutu, kada kowa ya taɓa shi da hannu, a kira ma'aikatan asibitin dabbobi, su ne suka san yadda ake aika kan karen zuwa gwaji, kamar a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato.

Ko da karen ya fita lafiya, yawun na ɗauke da wasu ƙwayoyin. Akwai wadda ke sa wuri ya yi ja, ya kumbura, ya yi zafi cikin kwana ɗaya. Akwai wadda ke shiga jini, ba ta da yawa amma muguwa ce: a 2018 wani mutum a jihar Wiskonsin ta Amurka ya rasa hannuwa da ƙafafu ta dalilinta, kuma likitocinsa sun danganta abin da yawun kare, ba tare da an ga cizo ba. Ta fi kama wanda saifarsa ba ta aiki ko garkuwar jikinsa ta yi rauni, sikila kuma tana raunana saifa, don haka idan ɗanki mai sikila ne ki faɗa tun a bakin ƙofa. Haka masu ciwon suga da ke da gyambo a ƙafa. Ja mai yaɗuwa, mugunya, wari, kaluluwa ko zazzaɓi, a koma asibiti a ranar. Maganin kashe ƙwayoyin cuta likita ne zai zaɓa, ba a buɗe kafso a zazzage garin a kan ciwo.

Akwai wani abin da nake roƙon jama'a su bari. Wasu idan kare ya lashi ciwo sai su ɗebo ƙasa su goga, wai suna bin hadisin wanki bakwai. Hadisin da ke cikin Sahihu Muslim a kan ƙwarya ko mazubin da kare ya sa baki yake magana. Hukuncin tsarki na bar wa malamai, su ne masu fagen. Abin da ke fagena shi ne ƙasa gidan ƙwayar tetanus ce, musamman ƙasar da dabbobi ke kashi a kai, kuma cusa ta cikin ɗanyen ciwo neman wata masifar ce a kan wadda ake gudu. Haka baƙin mai, da toka, da man goge baki.

Ga maƙwabcinku da duk mai kiwon kare, na farauta ne ko na gadi: addininmu da ya yarda a ajiye kare don waɗannan buƙatu bai yarda a cutar da maƙwabci ba. Allurar rigakafin kare tana nan a asibitocin dabbobi, ana fara ta tun yana wata 3, ana sabuntawa duk shekara, kuma kuɗinta bai kama ƙafar abin da iyayen yaron nan za su kashe a wannan makon ba. Ke kuma Malama, idan kin dawo daga asibiti ki rufe ciwon da bandeji mai tsabta, sannan ki tara yaran gidan da na maƙwabta ki tambaye su ɗaya bayan ɗaya, cikin lallashi ba tare da bulala a hannu ba, ko akwai wanda kwikwiyon nan ya lasa a ciwo, ko ya yakusa, ko ya ɗan gatsa. Yara suna ɓoyewa don tsoron duka. Duk wanda ya amsa, a tafi da shi gobe da safe.