Abin da ke sa a yi watsi da CV

Ɗan'uwa, ka ce ka aika CV wurare da dama amma shiru kake ji. Ko iri ɗaya kake turawa ko'ina? A ganina nan ne babbar matsalar. Kamfanoni da yawa manhaja ce ke fara tace musu takardu, tana neman kalmomin da ke cikin tallar aikin. In ba ta same su ba, da wuya takardarka ta kai hannun mutum. Gyara ta daidai da kowane aiki.

Sannan kada ka tsaya jera ayyukan da aka ba ka, faɗi abin da ka cim ma, da alƙaluma in akwai. Shafi biyu sun isa. Kuma don Allah sake duba imel da lambar wayarka, kada a neme ka a rasa.