Ɗana zai shiga gasar kacici-kacici, ta yaya zan taimaka masa?

Maman yaro, kin ce ɗanki yana aji biyu a ƙaramar sakandare, makarantarsu ta zaɓe shi ya wakilce ta, kuma kina tsoron kada ya ruɗe a gaban jama'a.

Fara da zuwa wurin malamin da ke horar da su, ki ji ƙa'idar gasar: daƙiƙa nawa ake bayarwa, kuma ko ana miƙa wa abokan karawa tambayar da aka kasa amsawa. Wasu yaran da ake cirewa sun san amsar, lokaci ne ke cinye su. Saboda haka bayan sallar isha'i ki riƙa jefa masa tambayoyi da agogon waya a hannu, ya amsa a tsaye da ƙarfi, ƙannensa suna kallo. Idan suka yi masa dariya, ki bar su, horon ke nan.

Bayan lissafi da kimiyya, kada ki manta da sanin ƙasa, don alƙalai na son sa: jihohi 36, ƙananan hukumomi 774, 'yancin kai a 1960, komawar babban birni Abuja a 1991. Labaran rediyo na safe ma suna taimakawa.

Daren gasar babu sabon karatu, ya kwanta da wuri, ya karya kumallo. A zauren kuma, don Allah ki kame bakinki da hannunki. Ko girgiza kai kika yi, ana iya cewa kin ba shi satar amsa a soke makin. Idan an fitar da su, ki bar bitar kurakurai sai gobe.