Tafiya Ta Kama Ni, Haya Ba Ta Ƙare Ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haya a Samaru, ɗaki biyu da falo. A watan Janairu na biya naira 600,000 kuɗin shekara, da 50,000 na ajiya saboda ɓarna. Sai ga shi na samu gurbin ƙaro karatu a Malesiya, ƙarshen Mayu zan tashi. Mai gida ya ce ko sisi ba zai mayar mini ba, kuɗin ajiyar ma wai sun zama tara. Yana da wannan hurumin? Daga wani mai karatu a Samaru.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a karatun. Kuɗi iri biyu ka ambata, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Hayarka dubu 50 take kamawa a wata, saura wata 7, ke nan 350,000 ake magana. Ɗauko takardar yarjejeniya ka nemi sakin layin da ya yi batun tashi kafin wa'adi. In akwai shi, da shi za a yi aiki: notis na wata nawa, nawa za a cire. In babu, gaskiya mai ɗaci ita ce mai gida ba ya cikin tilas ya mayar, domin shekara ka kama, kuma ba shi ya tashe ka ba. A fiƙihu ma haka abin yake wajen Malikiyya: haya alkawari ne mai ɗaure ɓangare biyu, tafiyar ɗan haya ba ta warware shi. Hanafiyya ne suka ɗauki tafiya a matsayin uzuri. Amma kowa ya yarda cewa in an daidaita aka saki juna, ya halatta, kuma nan ne mafitarka.

Kada ka je masa da roƙo kawai, je masa da wanda zai maye gurbinka. A Samaru, da ɗalibai da ma'aikatan Jami'ar Ahmadu Bello, gida mai ruwa da mita ba ya daɗewa a rufe. Ko dai sabon ya biya ka na wata 7 kai tsaye da amincewar mai gida, ko ya ƙulla sabuwar shekara da shi, kai kuma a ba ka ragowarka. Mai gida na iya cewa a cire na wata ɗaya ko biyu saboda fenti da zaman da gidan zai yi ba kowa. A ganinmu wannan adalci ne, ka karɓa. Abin da ba mu ga dacewarsa ba shi ne ya riƙe kuɗinka, ya kuma zuba wani a gidan ya karɓi haya biyu a kan watanni ɗaya. Duk yadda kuka tsaya, a rubuta: ranar miƙa makulli, adadin kuɗi, ranar biya, shaidu biyu su sa hannu. La'adar dillali da kuɗin lauya kam, ka cire rai, an riga an yi aikinsu.

Kuɗin ajiya kuwa amana ne, ba tara ba, sai dai in takarda ta ce haka ƙarara. Ɓarnar da ka yi kaɗai ake cirewa, irin su fasasshen gilashin taga ko kan famfo da ya karye, ba fentin da ya koɗe don daɗewa ba. Ku zaga gidan tare ɗaki ɗaki da rana, ka ɗauki bidiyo, ka ɗauki hoton lambar da ke kan mita, ka biya bashin wuta da ruwa ka adana rasit. Rigima kan taso daga tsohon bil ɗin wuta, bayan mutum ya riga ya hau jirgi. Ka kuma naɗa wakili a rubuce wanda zai karɓi kuɗin, don bin bashi ta WhatsApp daga wata ƙasa wahala ce. In ya ƙi sauraro, fara da mai unguwa, sannan wasiƙar lauya, kafin a kai ga kotu.

Tambaya: Shekara 4 muna haya a Tudun Wada ba takarda, duk shekara muke biya. Zan bi mijina Jidda. Zan iya barin ƙanena a gidan ya ƙarasa watannin? Daga wata 'yar'uwa.

Amsa: Hajiya, kada ki sa shi sai mai gidan ya amince, kuma a rubuce. In kika yi gaban kanki, duk ɓarna da bashin da ya biyo baya da sunanku za a nema. Ki kuma lura: hayar da ake sabuntawa duk shekara, in ba a yi wani sharaɗi ba, notis na wata 6 aka saba ɗauka a kanta. Don haka ki sanar da shi yau a takarda mai kwanan wata, ki yi kwafi biyu, ya sa hannu a ɗaya ki riƙe.